Ni da Na Hura Jirgin Alhaji

Paraku ta tarbe ni da ruwan sama da ɓarawo, duka a cikin awa ɗaya.

Ina saukowa daga mota, jaka a ka, ƙunshin kilishi a hammata, sai masu babur suka yanyame ni kamar ƙudaje sun ga ɓawon mangwaro. A can zem ake ce musu. Wani mai giɓi ya ji na ce Kpebiye, gidan Goggo Rabi, sai ya dafe ƙirji.

"Rabi? Ai yayata ce! Hau, ƙanwata, hau."

Na hau. Shataletale ɗaya muka zagaya sau uku, har mai sayar da lemo a wurin ta fara ɗaga mini hannu. Daga ƙarshe ya tsaya a wata ƙofa shuɗiya, ya ce in shiga in yi sallama, shi zai riƙe mini kilishin kada ruwa ya taɓa shi. Na shiga. Ba su taɓa jin wata Rabi ba, kuma unguwar ma Ganu ce, ba Kpebiye ba. Da na fito, babu yaya, babu babur, babu kilishi.

Ni Balkisa, ɗiyar Malam Idi mai faci ta Dogon Dutsi, wadda samarin layinmu ke canza hanya in sun hango ni, ni aka yi wa haka. Na tsaya cikin ruwa ina zagin mai giɓi da kakanninsa har bakwai. Matar gidan ba ta jin Hausa, amma ta gane zagi ne mai kyau, don dariya ta yi har ta riƙe ciki. Ta ja ni ciki, ta ba ni zane busasshe, ta ajiye mini sakwara da miya da soyayyen cuku irin nasu da suke kira wagasi. Da ruwa ya tsagaita ta ɗauki lema ta raka ni har ƙofar Goggo da ƙafarta. Har yau ban san sunanta ba.

Abin da ya kawo ni shi ne jirgin sama. Na yi shekara biyu a makarantar koyon kanikanci, ni kaɗai mace a ajinmu, kuma tun ina rarrafe nake tsoma shambur, wato tiyub ɗin taya, a ruwa ina neman inda yake kumfa. Mijin Goggo yana wa wani Alhaji aiki, ɗan kasuwar kashu da waken soya mai jirgin kansa, shi ya roƙar mini gwajin wata ɗaya wurin makanikin jirgin. In na yi, in zauna in koya. In ban yi ba, in koma. Kuma na san abin da ke jirana in na koma: 'yan majalisar ƙofar gidanmu, waɗanda ranar da zan taho suka ce in na zo wucewa ta sama in jeho musu goro. Da in koma su tambaye ni ko jirgi ya sauka lafiya, gara in zauna a Paraku ina sayar da ruwan leda.

A zatona zan tarar da jirage jere kamar motoci a tasha. Jirgi ɗaya ne, cikin wata rumfar kwano a gefen filin jirgi, fari, mai kujera huɗu, kamar babbar fara da ta ƙoshi. Makanikin, Shef Biyo, mutumin Bargu ne, gajere, da tumbi wanda ke riga shi shiga ɗaki da minti biyu. Yana jin Hausa sarai amma ba ya yin ta sai in yana cinikin nama. Ya dube ni daga ɗankwali zuwa silifa, ya ce abu ɗaya.

"Touche pas."

Kada in taɓa. Wannan ita ce gaisuwata ta safe da ta yamma. Sai kuma Mukaila, babban mai koyo, ɗan wasu Hausawan Paraku da kakanninsu suka zo fatauci suka manta hanyar gida. Dogo ne kamar sandar tuta, Hausarsa rabi Faransanci rabi Dandanci, yaren garin, amma ni yake wa dariya.

"Ke 'yar Nijar, nan ba garejin amalanke ba ne fa."

"Na gani, Yaya Mukaila. A garejin amalanke aiki ake yi."

Duk da haka Shef yana koyarwa, in dai ka iya sata da kunne. Wata rana yana duba gaban matuƙi, na leƙa ta kafaɗarsa, bai kore ni ba. Ya nuna mini agogo uku. Ɗaya na faɗin gudun jirgi, ɗaya na faɗin yadda ya yi sama, ɗaya na faɗin ko hawa yake ko sauka. Duka ukun da iska suke aiki. Akwai wani bututu kamar yatsa a ƙarƙashin fiffike, pito sunansa, iskar gaba ke shiga cikinsa, kuma agogon gudu kaɗai yake ciyarwa. Akwai kuma wata 'yar huda a jikin jirgin, kamar ta ɗan kunne, ita ake kira statik, ita ce ke ciyar da duka ukun ta wasu siraran tiyo da suka bi bayan allon agogunan. Ya ce in waɗannan suka yi wa matuƙi ƙarya a cikin gajimare, ba shi da wanda zai tambaya.

Da yamma in na koma Kpebiye, doya ce. Da safe doya, da rana doya, har na fara mafarkin na yi saiwa. Ina kewar fura mai tsami, ina kewar warin gam na faci da rediyon Baba da ba ya kama tasha sai an mare shi. Wani lokaci in shige bayan ɗaki in yi kukana na minti uku, in wanke fuska, in fito in ce wa Goggo hayaƙin murhu ne. Ita kuma ta ce, "To, ɗiyata," alhali da gas take girki.

Ranar ta goma sha ɗaya na yi abin da na yi.

Pito yana da jar hula da ake rufe shi da ita in jirgi na ajiye. An manta ba a sa ba, kwana biyu. Ina shara sai na ga zanzaro ya fito daga bakin bututun yana karkaɗa ƙugu kamar mai gida. Na leƙa, ya cika shi da laka, ya gama gini har da daɓe. Shef ya fita, Mukaila na waya. Na ce yau za a san an zo da ni. Na zari tsinken tsintsiya na ƙwaƙule lakar, saura ta ciki. To, a gidanmu duk abin da ya toshe hura shi ake yi. Bakin bawul, hura shi. Jiglar man babur, hura ta. Na cika huhuna da iskar Paraku gaba ɗaya, na kafa baki, na hura har kunnena ya yi ƙara.

Da Shef ya dawo ya leƙa ciki, sai na ga ya tsaya kamar an dasa shi. Jirgi na tsaye, an tokare tayoyinsa da katako, amma allurar agogon gudu ta tafi can ƙarshe ta maƙale, tana rantsuwa cewa muna gudun da jirgin bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce, Shef. Hurawa kawai na yi."

Ya zauna a kan garwa. Ya yi mini bayani a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ciwo, cewa a cikin agogon akwai wani ɗan faifai siriri kamar ɓawon albasa, wanda aka yi don ya ji iskar da ba ta kai atishawar kyanwa ba, ni kuma na aika masa guguwa.

Mukaila ya ƙyalƙyale. "Ta ɗauka balan-balan ne!"

"Da wanda aka ba aikin sa hula ya sa hula," na ce, "da zanzaro bai sami fili ba."

Dariyar ta tsaya. Daga ranar na yi maƙiyi mai tsawon mita biyu.

Aka kawo sabon agogo daga Kwatano. Shef ya ɗaura, ya gwada komai, komai daidai. Ya ce mini saura kuskure ɗaya, ko na atishawa ne. Na zama waliyyiya. Jirgi ya tashi sau biyu ya dawo lafiya. A na uku, ranar Laraba, ya kai Alhaji garin Jugu wurin mahaifiyarsa, sai matuƙin, Kwamanda Firmin, ya bugo waya ya ce agogunansa sun haukace a hanya, shi kam ba zai sake tayar da jirgin nan ba sai an gano dalili.

Ba a yi awa ɗaya ba Alhaji da kansa ya kira Shef. Ina jin muryarsa daga inda nake, don wayar Shef ba ta da sirri. An gaya masa akwai wata yarinya da ta hura masa jirgi da baki, yawunta ya shiga ya lalata komai. Ban tambayi wanda ya gaya masa ba. Mukaila ya duƙufa yana goge kile, wato sifana, ɗaya da ya riga ya goge.

Shef ya ajiye waya bai dube ni ba. "Patron ya ce ki haɗa kayanki. Juma'a mijin goggonki zai sa ki mota."

"Shef, agogo nawa ne suka haukace?"

"Uku."

"Ni pito na hura. Kai ka ce pito ɗaya yake ciyarwa. Numfashin nawa ya tsallaka katanga ne ya shiga gidan maƙwabta?"

Ya ɗauki jakarsa. "Jirgin na Patron ne."

"Kai ma ka san ba ni ba ce!"

Ya juya mini baya. Shi da Mukaila suka sa akwatin gwaji a mota suka kama hanyar Jugu, suka bar ni da zanzaro.

Ranar Alhamis bayan asuba na ce wa Goggo zan je in yi sallama da jirgi. Ban yi ƙarya ba. Ita ce ba ta tambayi inda jirgin yake ba.

A tasha wani direba ya rantse mini da Allah da Annabi cewa Jugu kai tsaye zai tafi, ko fitsari ba zai tsaya yi ba. Mu goma sha ɗaya a motar mutum biyar, ni a kan cinyar wata mata mai jego, jaririnta a kan tawa, buhunan taki a kanmu duka. Sai ya ratse daji. Ya sauke taki a wannan ƙauye, ya ɗauki akuya a wancan, ya tsaya gaida surukarsa a na gaba. Da rana ta take, a wani wuri kusa da Bariyenu, ya ce mu sauka a duba ƙasan mota. Muna sauka ya ɗora buhunan gawayi a inda muke, ya juya ya koma. Wai nan ma ƙasar Jugu ce, bai karya rantsuwa ba.

Na fara takawa a jar laka, silifana na tsotsar ƙasa kamar ɗan maraƙi. Can na tarar da wani manomi zaune gefen hanya, ya kwantar da babur, ya zaro shambur yana jujjuya shi kusa da kunne. Yana da gam, yana da faci, yana da famfo, hudar ce ta ɓuya masa. Ba mu da yare ɗaya, ni da shi. Na miƙa hannu. Ya dube ni, ya dubi ɗankwalina, ya miƙo don ya ga ƙarshen rashin kunya. Na ciro guntun sabulun wankana, na jiƙa a kududdufi, na shafe shambur ɗin da kumfa, na ce ya buga famfo. Ga ta nan kusa da bawul, tana hura ƙwai kamar kwaɗo. Mutumin ya yi wata kabbara da ta tayar da tsuntsaye daga bishiya uku.

Haka na shiga Jugu, a bayan babur, tsakanin doya shida da zabuwa mai rai da ta tsane ni tun ganin farko. Har bakin filin jirgi ya kai ni, ya kuma ɗora mini doya ɗaya a hannu. Doya dai.

Filin jar ƙasa ne da ciyawa, jirgin na tsaye a gefe an buɗe ƙofofinsa. Na laɓe bayan wata bishiya ina kallo. Shef ya liƙe hudar statik da sikoc, wato salatif, ya haɗa akwatin gwaji, yana zuƙe iska a hankali har allurar agogon sama ta nuna ƙafa dubu. Sai ya tsaya ya dubi agogon hannunsa. Doka ita ce a cikin minti ɗaya kada ta sauko fiye da ƙafa ɗari. Wannan kuwa zubowa take kamar an ture ta daga bene. Iska na shiga ta wani wuri. Tumbin Shef ba ya shiga ƙarƙashin allo, don haka Mukaila ke zura kai da tocila yana ɗaure mahaɗai, yana fitowa yana cewa, "Rien, Shef, babu komai." Tun jiya suke haka.

Doyar ce ta tona ni, ta suɓuce ta gangara har gaban Shef. Ya bi ta da ido har zuwa ƙafata.

"Wa ya kawo ki?"

"Babur."

"Koma."

"Ranar Juma'a aka ce in tafi. Yau Alhamis, ni ma'aikaciya ce."

Ya ɗaga hannu yana nuna mini hanya, sai wata murya ta ce, "Kai Biyo, baƙuwa ake kora da la'asar? A garin nan?"

Wata tsohuwa ce ƙarama a kan kujerar roba, ta kawo wa ma'aikata abinci. Hajiya Kaka, mahaifiyar Alhaji. Kakanninta fataken goro ne, kuma Hausarta irin ta da ce, mai nauyi, kamar ta kakata. Ta tambaye ni garinmu, na faɗa, ta ce kakanta ya sha yada zango a can. Ta tafi da ni gida, ta sa aka kira Goggo aka kwantar mata da hankali, ta zuba mini ruwan zafi na wanke laka. Sannan, wallahi, ta dama mini fura. Ba ta kai tamu tsami ba, amma sai da na juya baya na sha, don kada ta ga idona. Ban gaya mata ni ce yarinyar da ɗanta ya kora ba. Ita ta gaya mini.

"Ke ce mai huhun nan ko? Sha, jikata. Gobe ma rana ce ta aiki."

Da safe na riga kowa zuwa fili, sai Kwamanda Firmin da ke zagaya jirginsa yana tauna asuwaki. Na gaishe shi da Faransancin makaranta, na tambaye shi yaushe agogunan suka fara hauka.

Ya yi tunani. "Da na buɗe 'yar tagar gefe."

"Me ya sa ka buɗe?"

Ya yamutsa fuska. Ashe Alhaji ya ɗauko wa Hajiya daddawa, ƙunshi guda, a cikin jirgi mai kujera huɗu, da rana tsaka. Yana buɗe taga allurai uku suka yi tsalle tare. Yana rufewa suka dawo. Ya sake, suka sake.

Na kusa taka rawa. Hudar tana cikin ɗakin matuƙi ke nan, tiyo na shaƙar iskar ciki maimakon ta waje. Kuma wuri ɗaya ne a ɗakin da idon Shef bai taɓa gani da kansa ba.

Da hantsi kowa ya hallara. Alhaji ya zo cikin farar shadda yana duba agogo, Hajiya ta sa an kawo mata kujerarta. Na tsaya gaban Shef.

"Ka bar ni in shiga ƙarƙashi da sabulu."

"Sabulu!" in ji Mukaila. "Ta gama da yawu, yanzu wanki za ta yi mana."

Shef ya ce zuƙa ake yi, ba hurawa ba, kumfa ba za ta tashi ba, sai dai ta shige ciki ta ƙarasa agogunan.

"To ka cire agogunan daga layin, ka toshe bakunansu, ka bar mini tiyo tsirara. Kai ka riƙe famfo, ni ba zan hura komai ba. Na tuba da hurawa har abada."

Alhaji ya juyo. "Wannan ce? Biyo, ban ce a sallame ta ba?"

"Ranka ya daɗe, ka ce Juma'a," na ce. "Ba a yi azahar ba tukuna."

Hajiya ta yi wata 'yar dariya a cikin mayafi. Shef ya dubi jirgi, ya dubi tumbinsa, ya dubi Mukaila da ya kwana biyu yana cewa babu komai. Sai ya ɗauko kile.

Ya ɗauke shi kusan awa kafin ya raba agogunan ya toshe. Na ɗaure ɗankwali tamau, na kwanta rigingine a ƙasan kujerar matuƙi, kai a ƙarƙashin allo, ƙafafu a sama kamar kazar da aka fige. Ciki zafi, ga ragowar warin daddawa da zai iya tayar da matacce. Shef na matsa ɗan famfon roba a hankali, ni ina bin tiyo da gashin kaza da kumfa, taƙi bayan taƙi. Mahaɗi na farko shiru. Na biyu shiru. Gumi na shiga mini ido, zuciyata na cewa, Balkisa, in ba ki samu ba, daga nan sai majalisar ƙofar gida. Na tura hannu can lungun hagu, inda tiyon ya bi bayan wani ƙarfe, sai yatsana ya taɓa wani abu mai laushi da bai kamata a ce yana cikin jirgi ba.

Na haska. Laya ce, ɗinkin jar fata, an ɗaure ta a jikin tiyon da wayar tagulla, an murɗe da filaya sosai don kada ta faɗi. Girgizar inji ta sa wayar ta yi ta cin robar a hankali. Na ɗiga kumfa a wurin. Ta kumbura, ta fashe, ta sake kumbura, kyakkyawa kamar a faranti.

"Shef! Matsa kuma!"

Ya matsa. Ta sake yin ƙwai. Na yi ihun da ya sa Kwamanda ya haɗiye rabin asuwakinsa.

Shef bai yarda da bakina ba, sai da ya zura madubi da tocila ya gani da idonsa. Ya yanke wayar, ya fito da layar a tafin hannu, ya ɗaga ta sama. Mukaila ya zama kamar an zare masa ƙashi.

"Wane ne ya sa wannan a jirgina?" Alhaji ya daka tsawa.

"Ni ce," in ji Hajiya, ko gezau. "Ɗana na yawo a sama cikin gwangwani, in zauna in zuba ido? Na ba yaron nan tun kafin azumi, na ce ya ɓoye ta inda ba za ka gani ba, don na san halinka. Ban ce ya shaƙe wa jirgin wuya da ita ba."

Alhaji ya dubi mahaifiyarsa. Duk Paraku da Jugu babu wanda bai iya kora ba, sai wannan. Mukaila ya fara cewa shi ya ga wurin ne ya fi ɓoyuwa, kuma da ya gane layar ce ta jawo matsalar tun shekaranjiya, tsoro ya hana shi faɗa. Shef ya ce masa kalma biyu da Barganci. Ban san ma'anarsu ba, amma sun sa shi ya tafi bayan jirgi ya zauna.

Aka sa sabon tiyo, aka mayar da agoguna. Layar kuwa Hajiya ta karɓa ta zura a aljihun bayan kujerar ɗanta da hannunta, ta tambayi Shef ko nan ma akwai abin da za ta huda. Ya ce babu. Ya zuƙe iska har ƙafa dubu, ya miƙo mini agogon hannunsa ya ce in ƙirga. Ban taɓa sanin minti ɗaya na da tsawon damina ba. Allurar ta tsaya cak, ko rawar sanyi ba ta yi ba.

Alhaji ya gyara hula ya ce to, alhamdu lillahi, a shirya bayan sallar Juma'a a tashi. Shef ya fara naɗe wayoyin akwati, ya ce mini ba tare da ya ɗago ba, "Ɗauki wancan gefen."

Ban ɗauka ba. Na naɗe hannu.

"Shef, ba ka faɗa ba."

"Me?"

"A gaban kowa aka ce yawuna ne. A gaban kowa za a ce ba shi ba ne."

Kwamanda ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Shef ya dube ni kamar zai haɗiye ni da ɗankwali. Ni ma na dube shi. Can ya yi gunaguni da Faransanci, da sauri, cewa matsalar ba ta da alaƙa da abin da ya faru a Paraku.

"Hajiya ba ta jin Faransanci," na ce.

"Ko kalma ɗaya," in ji Hajiya, wadda da safen nan na ji tana ciniki da shi a waya.

Shef ya ajiye wayoyin. Ya share gumi. Ya juya wajen Alhaji, ya buɗe Hausar da yake ajiye wa mahauta.

"Patron, ba yarinyar ba ce. Tun ranar Laraba na sani, na yi shiru. Kanta na aiki. Bakinta ne ya yi yawa."

Alhaji ya dube ni tsawon lokaci, sannan ya dubi mahaifiyarsa, wadda ke ɓare goro kamar ba ta wurin.

"Ta zauna," ya ce. "Amma Biyo, ko shayi ne ya yi zafi kusa da jirgina, kada ta hura."

Sai a lokacin na sunkuya na kama gefen akwatin. Nauyinsa kamar an cika shi da duwatsu, Shef kuma da gangan ya sakar mini rabi da kwata. Na ɗaga.